Batla a jirgin ruwan alfarma: kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

Tun da muka dawo daga tafiyar jirgin ruwan nan da na raka mahaifiyata, tambaya ɗaya mutane ke ta maimaita min, wai shi wannan hadimin na musamman da ake haɗa mutum da shi a jirgi, wanda Turawa ke ce wa batla, ya kai a ƙara kuɗi har haka saboda shi? Wasu da gaske suke yi don suna shirin tafiya, wasu kuma so suke kawai in ce almubazzaranci ne. Toh ni abin da na gani da idona shine, ga wasu mutanen kuɗin nan ya fi kowane kuɗi da suka kashe a tafiyar amfani, ga wasu kuma wallahi kamar sun zuba shi a teku ne, kuma abin da ya raba su ba yawan dukiya bane, wanda ka tafi da shi ne da kuma girman jirgin da ka shiga.

Amma bari mu fara gyara tambayar tukuna, don a karkace take. Ba a sayar da batla shi kaɗai. Ba kamar otal bane da zaka ce a ƙara min karin kumallo in biya daban. Ɗaki kake saya, irin mai ciki da falo ɗin nan, shi kuma batla a cikin kunshin ɗakin yake zuwa. A jiragen kamfanin Cunard misali, irin su Queen Mary 2 mai ratsa tekun Atlantika daga Southampton ta Ingila zuwa New York a kwana 7, sai wanda ya kama ɗaki a ajin Queens Grill ake ba batla, ajin da ke bi masa wato Princess Grill duk tsadarsa babu. Kamfanonin Regent Seven Seas da Oceania sai daga ɗakunan da suke kira Penthouse zuwa sama. Silversea kuwa kowane ɗaki a jirginsu da batlansa, kaga a can maganar ƙari ma bata taso ba, kana taka jirgin ka riga ka biya. Sannan ga Viking, su a fili suke rubutawa a tallarsu cewa babu gidan caca, babu yara 'yan ƙasa da shekara 18, babu batla babu farar safar hannu, kuma duk da haka masu hannu da shuni na tururuwar shiga jiragensu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ko su masu harkar basu haɗu a kan cewa sai da batla ake jin daɗi ba.

Don haka idan ejan ya ce maka ƙara kaza ka samu batla, abin da yake nufi shine ƙara kaza ka koma wani ajin, da ɗaki mafi faɗi, da baranda babba, da wurin cin abinci na daban, da ƙofar shiga ta daban. Batla ɗaya ne daga cikin kayan, shi ne dai wanda ya fi daɗin faɗa a talla.

Shi aikin nasa menene? Asalin kalmar daga tsohon Faransanci ta fito, ma'anarta mai kula da kwalabe, wato wanda ke riƙe da makullin rumbun giyar mai gida, daga baya ya zama shugaban barorin gida a manyan gidajen Turawa. A jirgi a yau shi ne zai tarbe ka, ya zazzage maka akwati ya jera kaya a kabad in kana so, ya kai kayanka wanki da guga ya dawo da su, ya goge takalmi, ya cika firij da abin da kake sha, ya kawo shayin la'asar da ɗan abin taɓawa, ya kama maka tebur a gidajen abincin jirgin, ya shirya maka fita yawo in an tsaya a gari, in kuma baka son fita cin abinci ya shimfiɗa tebur a ɗakinka ya riƙa kawowa kala bayan kala kamar a gidan abinci. A lura fa, shara da gyaran gado ba aikinsa bane, wannan akwai mai gyaran ɗaki, kuma kowa a jirgin yana da shi har mai ɗaki mafi araha wanda ko taga babu. Kawo abinci ɗaki ma kowa zai iya buga waya a kawo masa. Kenan abin da batla ya ƙara a kai ba aikin ƙarfi bane, mutum ɗaya ne da ya san ka, ya riƙe abin da kake so a kansa, ba sai ka maimaita wa mutum biyar ba.

Kuma kar wani ya ɗauka irin yaron gidan da muka sani ne da zai zauna a bakin ƙofa yana jiran kira. Batla ɗaya ɗakuna da yawa yake riƙewa, sau da yawa goma ko fiye, kuma kusan duk lokaci ɗaya suke nemansa, da safe kowa na son karin kumallo kafin jirgi ya tsaya, da yamma kowa na son kayansa daga wajen guga kafin cin dare. In ka ga an rubuta hidimar awa 24, ba wai shi ɗin baya barci bane, wani ne ke karɓarsa in ya tashi daga aiki, kuma wanda ya karɓe shi ɗin bai san ka kamar shi ba.

Inda maganar ta fi nauyi a wajena shine girman jirgi. A ƙaramin jirgin alfarma, a ce Silver Nova na Silversea mai ɗaukar mutum 728, ma'aikata sun yi yawa har ta kai mai kawo shayi ma ya haddace sunanka kwana biyu da shiga, ba layi ba turereniya, duk inda ka je akwai kujera. A irin wannan wurin batla ƙari ne a kan daɗi, in babu shi ma ba abin da zai same ka. Amma je ka babban jirgi, irin Icon of the Seas na Royal Caribbean da ya fara aiki a Janairun 2024, wanda in ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000, kaga wannan ai gari ne guda yake tafiya a kan ruwa. A can komai layi ne. Layin shiga, layin lif, layin abinci, layin sauka, neman kujera a bakin wurin ninƙaya tun da sassafe. To a nan ne kamfanoni suka gano kasuwa, suka killace wani sashe a saman jirgin suka sa masa ƙofa mai kati, kamar unguwar masu kuɗi mai geti a tsakiyar birni. MSC, kamfanin nan dai da muke ganin kwantenoninsa a bayan tirela daga Apapa, ya buɗe nasa mai suna Yacht Club a 2008 a jirgin MSC Fantasia. Norwegian suna da The Haven. Royal Caribbean nasu hadimin ma wani suna suka raɗa masa, Royal Genie, ga masu ajin ƙoli. Ba sabon abu bane in ka duba, ajin farko ne na zamanin su Titanic a 1912 ya dawo da sabuwar riga, bambancin kawai a lokacin attajirai da barorinsu suke shiga jirgi, yanzu kuma kamfani ke ba ka aro.

A irin wannan babban jirgin abin da kake biya ba guga da goge takalmi bane, tsallake layi ne. Batla ya ɗauke ka daga bakin tasha ya wuce da kai ta gefe, ya tsayar maka da lif, ya raka ka har ƙofar sauka yayin da dubban mutane ke tsaye da lambobi a hannu. Ga matashi mai ƙafafunsa wannan jin daɗi ne kawai. Ga wanda ya tafi da tsohuwa kuwa wani abu ne daban.

Hajiyarmu ta haura saba'in, gwiwoyinta duka biyu sun daɗe suna damunta, ga hawan jini, ga ta bata jin Turanci ko kaɗan. Jirgin da muka shiga babba ne, daga Italiya ya tashi ya zaga tsibiran Girka, ni da ƙanwata muka haɗa kuɗi muka kama mata ɗaki a sashen da aka killace, kuma sai da muka daɗe muna ja-in-ja kafin mu yarda don bambancin kuɗin ba kaɗan bane ga mai sayen dala da naira. Batlan namu ɗan Filifin ne, mutum mai sanyin murya, ranar farko ya zo da ɗan littafi a aljihu ya tsaya ya tambaye mu komai, me take ci me bata ci, ƙarfe nawa take tashi, wane magani ne ke buƙatar firij. Nace masa mu musulmi ne, kafin mu dawo daga cin rana ya kwashe duk kwalaben giyar da ke firij ya zuba madara da ruwa da lemo. Wannan duk cikin aikinsa ne, ban yi mamaki ba.

Abin da ya taɓa ni a rana ta biyu ya faru. Ya shigo kawo shayi da asuba ya tarar da ƙasan banɗaki jage-jage da ruwa, ni kuma ina riƙe da Hajiya tana fama ta ɗaga ƙafa zuwa wurin wanke hannu don alwala, abin ya gagara. Bai ce komai ba ya ajiye tire ya fita. Kafin azahar sai ga shi da 'yar kujerar roba gajera, da ƙaramin baho, da jug na roba mai baki kamar buta, ya jera su a lungun banɗaki da tawul biyu a ninke, yace min Mama ta zauna ta yi, shi zai riƙa zubar da ruwan. Daga ranar har muka sauka, kullum kafin asuba akwai fulas na ruwan ɗumi a bakin ƙofa. Hajiya ta kalle ni tace, kai wannan yaron ɗan albarka ne, waye ya gaya masa? Babu wanda ya gaya masa, gani ya yi.

Haka maganar abinci, kullum da la'asar zai zo da jerin abincin gobe ya zauna da ni mu bi ɗaya bayan ɗaya, wanne aka sa wa giya a miya, wanne ke da naman alade a ɓoye cikin romo, ya je kicin da kansa ya tambayo, abin da da ni ne sai in ta yi wa sabon ma'aikaci bayani a kowane zama. Alƙibla kuma a jirgi bata tsayawa wuri ɗaya tunda jirgin juyawa yake, shi ya nuna min tashar talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi ya dosa, na riƙa haɗawa da manhajar waya. A tsibirin Santorini, inda manyan jirage basa iya matsowa gaɓa sai dai su tsaya a tsakiyar ruwa a riƙa ɗiban mutane a ƙananan jirage, shi ya riƙe hannunta har cikin na farko. Amma can a gaɓa, wurin hawa dutse zuwa garin Fira, ko dai ka bi layin 'yar motar nan mai tafiya a jikin waya, ko jaki, ko matakala sama da 500, nan kam ikon batla ya ƙare, muka bi layi cikin rana kamar kowa. Duk gatan nan a cikin jirgi ya tsaya, yana da kyau mai biya ya san haka.

Sai wani ɗan ƙaramin abu da ya shafe mu masu sa shadda. An hana dutsen guga a ɗakunan jirgi saboda gobara, haka kyandir, haka turaren wuta, Hajiya ta ji zafin wannan na ƙarshen sosai. Wasu jiragen kamar na Cunard suna da ɗakin wanki da guga na kowa da kowa, wasu manyan kuwa babu, sai dai ka bayar a yi maka ka biya. Mai babbar riga da ta kwana uku a akwati ya san darajar wanda zai karɓa da safe ya dawo da ita kafin magariba. Sai dai ka yi masa bayani da kyau, don masu gugar jirgi basu san shadda ba, basu san aikin wuya ba.

Toh yanzu ɗaya ɓangaren, don in na tsaya a nan ban yi adalci ba. Ni kaina a wannan tafiyar kusan ba abin da ya yi min wanda ba zan iya yi wa kaina ba. Kuma akwai abubuwan da ke cikin farashin nan da mu bama morarsu ko kaɗan. Wani kaso na abin da ke sa ajin nan tsada giya ce, shamfen ɗin tarba, kwalaben ɗaki, shaye-shaye kyauta a falon sashen, duk an lissafa su a kuɗin ɗaki ko ka sha ko baka sha ba, kuma ba wanda zai rage maka ko sisi don ka ce ruwa kake sha. Sannan ga kunya irin tamu. Mu nawa ne za su yarda baƙon namiji ya buɗe akwatin matarsu ya jera mata kaya? Ƙanwata ko kusa bata bari ya taɓa jakarta ba, kuma duk sanda ya ƙwanƙwasa sai ta nemi mayafi tukuna. Akwai mata masu wannan aikin, ana iya roƙa tun wajen yankar tikiti, amma maza sun fi yawa kuma ba a yi maka alkawari. Mai iyalin da shigowar baƙo ɗaki sau huɗu sau biyar a rana zai takura su, to ya biya kuɗi ne ya sayi takura.

Akwai kuma yanayin tafiyar kanta. In irin ta Bahar Rum ce da kusan kullum jirgi na tsayawa a sabon gari, ka fita ƙarfe takwas ka dawo biyar a gajiye ka ci ka kwanta, yaushe ma ka ga batlan? Amma in irin ratsa Atlantika ce, kwana shida bakwai ba ƙasa sai ruwa, ɗakin ya zama gidanka, nan ne hidimar ke fitowa. Haka jirgin da tun asali an gina shi a kan irin rayuwarmu, kamar Aroya na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, abinci halal, ba giya, ga wurin sallah, kaga rabin wahalar da batlanmu ya ɗauke mana a can ma bata taso ba balle a biya wani ya ɗauke ta.

Lissafin da nake ba mutane shawara su yi mai sauƙi ne. Ɗauki farashin ɗaki mai baranda na talakawan jirgi, ɗauki na ajin da ke da batla, cire wannan daga wancan, ka tuna farashin na mutum ɗaya ne don haka in ku biyu ne ka ninka, sannan ka raba da yawan kwanakin. Mu ƙaddara bambancin ya kama dala 2,000 kowane mutum a tafiyar kwana 7, ku biyu dala 4,000 kenan, kusan dala 570 duk kwanan duniya. Sai ka tambayi kanka da gaskiya, da a hannu za a ce in miƙa wannan kuɗin kowace safiya don faɗin ɗaki da tsallake layi da wannan mutumin, zan miƙa? Sau da yawa wannan bambancin ya isa a sake wata tafiyar sukutum, ko a tafi da ƙarin mutum biyu. Kuma ba a nan ya tsaya ba, kuɗin hidima da jirage ke cira kullum ya fi yawa ga masu manyan ɗakuna, sannan a wasu kamfanonin kamar Norwegian wannan kuɗin bai haɗa da batla ba, nasa tukuicin daban ne ka ba shi da hannunka. Silversea da Regent kuma sun ce an haɗa komai a farashi. A tambaya tun kafin a biya, a ga amsar a rubuce.

Maganar tukuicin nan ita ce ta kawo ni abin da ya fi tsaya min a rai. Waɗannan mutanen yawancinsu 'yan Filifin ne da Indiya da Indonesiya, kwantiragin wata shida zuwa tara suke yi a kan ruwa, babu Asabar babu Lahadi, a can ƙasan jirgi suke kwana a ƙananan ɗakuna. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta samar, ta fara aiki a 2013, a ɗaya daga ma'aunanta cewa ta yi ma'aikacin jirgi ya samu hutun aƙalla awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako. Cire 77 daga awa 168 na mako kaga saura 91, wato mutum zai iya yin aikin awa 91 a mako ba a karya doka ba. Ɗan Adam ne fa, da 'ya'ya a gida da sai ta waya yake ganinsu. Na ga wani fasinja a sashenmu yana kaɗa wa nasa batlan yatsa kamar mai kiran kare don ƙanƙara ta ƙare a bokiti, raina ya ɓaci ƙwarai. Kuɗin da ka biya lokacinsa ya saya maka, bai saya maka mutuncinsa ba, kuma duk wanda ya san ba zai iya riƙe wannan ba gara ya bar ajin nan gaba ɗaya.

A ɗaya gefen kuma akwai masu biya su kasa tambayar komai saboda nauyi, su wuni suna cewa a'a na gode bar shi kawai. Shi ma asara ce, kuma shi kansa batlan baya jin daɗinta, don da abin da fasinjoji suka rubuta a kansa ake auna shi a wajen aiki. In ka riga ka biya, ka zauna da shi minti goma a ranar farko ka faɗa masa komai dalla-dalla, lokacin sallarku, lokacin da baku son a ƙwanƙwasa, abin da ba a ci, wanda ke shan magani, in azumi ne lokacin sahur da buɗa baki. Wanda bai faɗa ba shayi da kek zai ta samu kullum ƙarfe huɗu har a sauka.

Tafiya ta gaba da nake tanadi ni da maiɗakina ne kawai, lafiyarmu ƙalau, ɗaki mai baranda zan kama in bi layi da ƙafafuna. In kuwa Allah ya sa Hajiya ta sake yarda ta hau ruwa, ko da sai na rage kwanakin tafiyar ne zan mayar da ita wancan sashen. Daren da za mu sauka na sa tukuicinsa a ambulan na ba shi hannu da hannu, na kuma rubuta sunansa a takardar jin ra'ayin fasinja tare da labarin kujerar robar nan. Hajiya ta sa na kira mata shi, ta ciro sabuwar kwalbar turarenta da bata fasa ba tace in gaya masa ya kai wa matarsa, ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a da Hausa doguwa, shi kuma yana tsaye da tire a hannu ya sunkuyar da kai har ta shafa.